Kwana tara muna kokawa da kofi ɗaya a jikin keken kakana

Ranar da na zauna na lissafa abin da nake kashewa a Adaidaita Sahu daga gida zuwa makaranta da dawowa, sai da na ajiye biro na yi tagumi. Kuɗin mota na wata guda ya fi abin da nake ci a makaranta. Kuma na san ba ni kaɗai ba ne. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce dubu. Mai Adaidaita ba shi da laifi, shi ma saye yake yi. Sai dai aljihun ɗalibi ba ya jin wannan bayanin.

A nan ne na tuna da keken Malam.

Malam kakana ne, mahaifin babanmu, Allah Ya jiƙansa. Kekensa Raleigh ne baƙi, irin mai birkin ƙarfe da rufin sarƙa, wanda a goshinsa akwai tambarin kan zalɓe da sunan garin Nottingham na Ingila, inda aka ƙera shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Malam, kuma tun daga lokacin keken yake jingine a ɗakin shirgi a gidan Inna, ƙarƙashin kwanon da yake yoyo duk damina. 'Yan jari-bola sun yi zarya har sun gaji. Duk wanda ya taya, Inna sai ta ce ba na sayarwa ba ne.

Da na je mata da maganar, sai da ta kalle ni sama da ƙasa.

"Kai maigidan, yanzu duk gayun naka ya ƙare a keken tsoho? To ɗauki. Amma ka ji sharaɗina: ban yarda a yanka shi ba, ban yarda a sayar ba. In ya gagara, ka dawo mini da shi yadda ka ɗauke shi."

Na ce na ji, Inna. A raina ina cewa mene ne abin yankawa a keke? Taya biyu, tib biyu, sarƙa, a ɗan shafa mai, shi ke nan.

Tayoyin kam sun mutu, sarƙar ta sandare kamar busasshen maciji. Waɗannan duk maganinsu kuɗi ne. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne feda. In ka juya ta sai ka ji ƙurus-ƙurus kamar ana niƙa tsakuwa, ta yi rabin zagaye ta cije, in ka girgiza ta kuma sai ta yi ta rawa hagu da dama.

Abin da ke cikin gidan boris

Ga wanda bai taɓa leƙawa ba, duba ƙasan keke, daidai inda bututun sirdi da bututun da ya gangaro daga gaba suka haɗu. Akwai wani gajeren bututu a kwance, wanda sandar feda ta ratsa ta cikinsa. Shi ne gidan boris ɗin feda. A tsofaffin kekuna irin na Malam, kayan cikinsa ba su da yawa: sandar da hannuwan feda biyu suke kamawa, 'ya'yan boris goma sha ɗaya a kowane gefe, masu kaurin rubu'in inci, sai kofuna biyu na ƙarfe da ake ɗaurawa ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, su riƙe 'ya'yan boris ɗin. Kofin hagu shi ake sassautawa ko a ƙara matsewa in feda ta yi rawa, kuma yana da zobe da yake kulle shi. Kofin dama, na ɓangaren sarƙa, tun daga masana'anta ake ɗaure shi tamau, ba a yi shi don a riƙa taɓa shi ba.

Matsalar ita ce wannan gidan shi ne wuri mafi ƙasa a duk firam ɗin keke, wato gangar jikinsa. Duk ruwan da ya shiga ta wajen sirdi gangarowa yake ta cikin bututu ya taru a nan. Giris ya bushe, ruwa ya kwanta, tsatsa ta fara aikinta. Ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, kumbura take yi. To in ta fito a tsakanin tiredin kofi da na gida, wato layukan nan da noti yake bi in ana ɗaura shi, sai ta cike ɗan sararin da ke tsakani, ta matse su kamar an zuba siminti. Lissafa damina goma sha ɗaya a ƙarƙashin kwano mai yoyo.

Ni da wani abokina ɗan ajinmu muka ce za mu yi da kanmu. Mun kalli bidiyo kusan biyar a YouTube, a ciki kuma komai cikin minti shida ake gamawa. Wani Bature ne da safar hannu, keke tsaf a rataye, kowane noti da sifanarsa. Mu kuma muna tsakar gida da guduma ɗaya, sifanar aro mai daidaitawa, da wani tsohon kurfi.

Da farko abin ya ba mu haɗin kai. Hannuwan fedar irin na da ne, masu kota, ƙusar nan mai noti da take ratsa hannun feda ta kulle shi da sanda. Ɗaya ta fita lafiya. Ɗayar muka yi ta ƙwanƙwasa ta a hankali har kanta ya baje, da ƙyar muka fitar da ita. Daga baya na ji cewa kota ba ta son lallashi: a sassauta notin ya zo daidai bakinta, a tokare hannun fedar ta ƙasa da guntun bututu, a ba ta duka ɗaya mai kyau. Zoben hagu ya kwance da kurfi da guduma. Kofin hagu ya ɗan yi gardama, ya fito. 'Ya'yan boris suka zubo, wasu jajaye, wasu sun fashe biyu, da wani gari kamar dakakken barkono.

Na haska fitilar waya cikin gidan. Kofin dama ya ci rami-rami daidai inda boris yake bi, ga kuma tsaga a gefe. Da lafiyarsa ƙalau, wankewa kawai za a yi a bar shi a wurinsa, don yawancin masu gyara ba sa cire shi sai dole. Wannan kam dole ce.

Muka kafa sifana. A fuskar kofin akwai wani ɗan tudu siriri, shi ne kaɗai abin kamawa. Muka juya yadda kowa ya san ana kwance noti, wato saɓanin tafiyar agogo. Shiru. Abokina ya taka firam, ni na hau sifanar da ƙafa. Ta zame, na bugi gwiwa. Muka koma dukan sifanar da guduma. Tun bayan azahar muke abu ɗaya har aka kira magariba, kofi ko gezau, sai ma gefen tudun da ya fara cinyewa yana sheƙi.

Abokina ya ce, "Wallahi kawai a kai wa mai walda ya fasa shi." Na tuna fuskar Inna, na ce a'a.

"Ɗaure shi kuka yi"

Washegari na saɓa firam ɗin a kafaɗa na tafi wajen wani dattijo mai gyaran keke a bakin kasuwar unguwarmu. Tun ina firamare nake ganinsa a gindin bishiyar nan, da akwatin katako da kwanon ruwan faci, ban taɓa tsayawa ba sai gaisuwa. Kowa Baba yake ce masa.

Ya karɓa, ya shafa tambarin zalɓen da babban yatsa, ya juya keken ya dubi kofin. Ya daɗe yana kallon inda muka cinye.

"Ta ina kuka juya?"

Na nuna masa.

Ya yi dariya har sai da ya cire hula. "Ɗan boko, ai wuni guda kuka yi kuna ɗaure shi. Wannan na dama baibai yake. Yadda ake ɗaure noti, haka ake kwance shi."

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji Hausawa. Bidiyon ma sun faɗa, mu ne muke tsallake surutun don mu kai wajen aiki.

Ga yadda abin yake. A kekunan da suka bi tsarin Ingila, kuma su ne mafi yawa a duniya, kofin dama tiredin hagu gare shi. In kana tsaye a ɓangaren sarƙa, bin tafiyar agogo za ka yi ya kwance. Kuma da dalili aka yi hakan. Lokacin da kake tuƙi, nauyin ƙafarka yana zagaya cikin kofin, yana tura shi kaɗan-kaɗan ya juya saɓanin agogo. Da tiredinsa na kullum ne, da tuƙin kansa zai riƙa kwance shi. Da aka juya tiredin, sai ya zama kana tuƙi yana ƙara ɗaurewa. Kekunan Italiya, da tsofaffin na Faransa, ba su bi wannan ba, dukkan kofunansu biyu tiredin dama ne, shi ya sa aka san su da kwancewar kofi a kan hanya in ba a ɗaure shi da ƙarfin gaske ba. Wannan yana da muhimmanci ga duk wanda ya sayi keken gwanjo, don a cikin tulin da ake saukewa za ka iya dacewa da kowane iri. Kafin ka hau sifana da ƙafa, ka san ɗan wace ƙasa ne a hannunka. Faɗin gidan yana taimakawa: na tsarin Ingila milimita 68 ne, na Italiya 70. Tsofaffin Raleigh kuma nasu daban ne, 71 ko 76, amma ta wajen juyi Ingila suka bi.

Baba bai san waɗannan lambobin ba, kuma ba ya buƙatarsu. Nasa lissafin ya fi nawa sauƙin riƙewa. Ya ce ka kafa sifana hannunta yana kallon sama, ka tura ta wajen tayar gaba. Ko kana dama ko kana hagu, kofi ta gaba yake kwancewa. Ita kuwa feda, wadda ake takawa, ta baya take kwancewa. Na gwada a kaina na ga haka ne.

Na ce to Baba, tunda mun gane hanya, a juya mana.

Ya gwada sau ɗaya, da sifanarsa, ba tare da ya yi wani yunƙuri ba. Ya ajiye.

"Ba yau ba. Tsatsar shekara goma, ga ɗaurin samari biyu a kai. In na matsa yanzu, ɗan abin kamawar da kuka rage mini shi ma zai tafi."

Ya kwantar da firam ɗin, ɓangaren sarƙa yana ƙasa. Ya kankare cikin gidan da guntun waya, ya toshe ramin kofin da tsumma da leda, sannan ya zuba kananzir haɗe da ɗan baƙin mai ta ɓangaren hagu har ya rufe bakin tiredin. Akwai man feshi na gwangwani da ake sayarwa don wannan aikin, kuma yana yi. Baba dai ya ce kananzir ya sani. Hikimar ɗaya ce: mai mara kauri da zai iya tsiyaya cikin tsatsa, da lokacin da za a ba shi ya tsiyaya. Fesawa ta waje ka jira minti biyar, kamar yadda yawancinmu muke yi, wanke fuska ne kawai. Ta ciki ake jiƙa shi, ya kwana a ciki.

Ya ce in dawo bayan kwana uku.

Ban iya jira ba, kullum sai na biya bayan lacca. Sai in tarar ya ɗauki ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasa kewayen gidan, tas-tas-tas, ba da ƙarfi ba, kamar mai sallama a ƙofa. Ya ce girgizar tana farfasa tsatsar, mai ya sami hanya. Dukan ƙarfi kuwa lotsa gidan zai yi, in ya lotse kuma babu kofin da zai ƙara shiga daidai.

A zaman nan ne na lura da wani abu. A layin Baba akwai masu gyaran waya sun fi biyar, duk samari, kowanne da yaransa. Akwai masu gyaran babur, su ma da yara. Baba shi kaɗai ne, babu yaro ko ɗaya. Na tambaye shi, ya ce na ƙarshe ya koma tuƙin Adaidaita. Ban ga laifin yaron ba, kowa inda zai ci yake nema. Amma ga shi tsadar mai tana dawo da mutane kan keke, ma'aikata da ɗalibai, har da waɗanda a da suke ganin hawansa faɗuwa ce, alhali masu sanin cikinsa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Mu kuma da muke da waya a hannu, mun san sunan kowane ƙarfe da Turanci, ba mu san ta ina ake juya shi ba.

Kusa, noti, sannan wuta

Kwana uku suka cika, kofi bai motsa ba. Baba ya ƙara masa biyu.

A tsakanin nan abokina ya zo da wata dabara da ya karanto, wadda aka fi danganta ta da Sheldon Brown, wani makanikin keke Ba'amurke da ya rasu a 2008, wanda ya yi rubuce-rubuce masu yawa kan tsofaffin kekuna. Za ka sami ƙatuwar kusa mai tiredi, wadda za ta iya ratsa ramin kofin. Ka zura ta daga ciki da 'yan washa, ta fito waje, ka sa washa da noti. Sai ka yi ta ɗaure notin ta waje. Yana ɗauruwa yana cije kofin tsakaninsa da kan kusar. Tunda kuma ɗaure noti bin agogo ne, kwance kofin dama ma bin agogo ne, in cizon ya kai, sai kofin ya biyo notin. Ba ka buƙatar tudun nan da ya cinye ko kaɗan.

Na karanta wa Baba. Ya gyaɗa kai, ya ce ya san ta, shi ma Baturen ya iya aiki.

Muka sayo kusa a wajen masu kayan ƙarfe. Muka ɗaure, muka ɗaure. Baba ya zura wa sifanar bututun ruwa mai tsawon kusan mita guda. Nan ma lissafi ne mai sauƙi: sifana mai tsawon santimita 25 in ka mayar da ita mita ɗaya, ƙarfin juyinka ya ninka huɗu. Sai dai ƙarfin nan bai san aboki ba, duk abin da ya fi rauni shi zai fara bayarwa. A wajenmu kusar ce ta bayar. Muka ji laushi, zuciyata ta buga na ɗauka kofi ne, ashe tiredin kusar ne ya cinye gaba ɗaya. Dabarar tana da kyau, kusarmu ce ta banza. Da mun sami mai tauri irin ta injin mota, wataƙila da a nan labarin ya ƙare.

Baba ya goge hannu. "Saura biyu. Ko zarto, ko wuta."

Zarton shi ne a zura ruwan zarton ƙarfe ta ramin kofi, a yi ta yanka shi daga ciki zuwa waje a wuri biyu ko uku, a tsaya kafin a taɓa tiredin gida, sannan a karya shi gunduwa-gunduwa. Amma kofin nan ƙarfe ne da aka gasa don ya jure boris, zarto zamewa yake yi a kansa. In kuma hannu ya zarce, ka yanki firam. Wutar kuwa ita ce a je wajen mai walda a liƙa ƙaton noti a fuskar kofin. Riba biyu ce: ka sami abin kamawa na gaske, sannan zafin yana kumbura kofin ya murƙushe tsatsar da ke kewaye da shi, in ya huce ya koma ya bar sarari.

Haɗarin shi ne irin wannan firam ɗin ba walda aka yi masa ba. Bututunsa zura su aka yi cikin mahaɗai aka like da narkakkiyar tagulla, ita kuma tana narkewa a wajen digiri 900, ƙasa sosai da inda ƙarfe yake narkewa. In mai walda ya saki hannu ya gasa gidan ya yi ja, mahaɗan za su iya saki. Fenti kam ba a maganarsa.

A daren nan ban yi barcin kirki ba. Inna ta ce kar a yanka, ba ta ce kar a ƙona ba, amma na san wannan wayon lauya ne. Da safe na je na faɗa mata komai, har da wunin da muka yi muna ɗaurewa.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Shi mai gyaran, tsoho ne ko yaro?"

Na ce tsoho ne.

"To ku je. Amma ya tsaya a kai, kar ya bar ka kai kaɗai da mai wutar."

Baba ya rufe akwatinsa ya bi ni, abin da ban taɓa ganin ya yi da rana tsaka ba. Kafin mu tafi sai da ya tsiyaye kananzir ɗin tas, ya goge, ya shanya firam ɗin a rana, don kananzir da tartsatsi ba sa haɗa hanya. A wajen mai walda babu wuta, sai da na biya kuɗin man janareta. Baba ya naɗe bututun da ke kewaye da gidan da jiƙaƙƙun tsummoki. Ya ɗora notin a tsakiyar kofin, ya ce wa mai waldar ta cikin ramin notin zai ɗiga, kaɗan-kaɗan, yana yi yana tsayawa.

"Malam, ba ƙofa kake haɗawa ba. Ɗiga ka ɗaga."

Tsummokin suka yi ta tururi. Bai fi minti biyu ba aka gama. Na miƙa hannu zan ɗauki sifana, Baba ya buge mini hannu, ya ce sai ya huce. Muka zauna a benci kusan rabin awa, ina ta duba waya ba tare da na ga abin da ke ciki ba. Da ya huce har ana iya taɓawa, ya ɗiga masa mai ta ciki, ya sa mutum biyu suka danne firam a kan katako, ya kafa sifana hannunta yana sama, ya zura bututu. Ya ce ni zan ja.

"Wajen tayar gaba. Kar ka fizga. Jingina kawai, ka bar nauyinka ya yi."

Na jingina. Babu komai. Na ƙara. Sai ƙau! Ƙara kamar an karya rake. Na saki bututun na ce shi ke nan, firam ya tsage.

Baba ko kallon firam ɗin bai yi ba. Ya ce, "Ya sallama."

Bai bari na zarce ba. Ya sa na juya kaɗan, na mayar baya kaɗan, ya ɗiga mai, na sake. A haka, gaba da baya, jan ruwa yana tsiyayowa, har kofin ya fara tafiya da hannu. Ya faɗo ƙasa da notinsa a manne. Kwana tara cif daga ranar da muka fara kafa masa sifana a tsakar gida.

Na ɗauka an gama. Na ruga wajen 'yan kekuna na sayo sababbin kofuna da sanda da boris, a leda mai sheƙi. Baba ya wanke tiredin gidan da burushin waya, ya shafa giris, ya ɗora sabon kofin da hannu. Ya shiga zagaye biyu, uku, ya cije. Na ce bari in miƙo sifana.

"Ajiye. Kofin da bai shiga da hannu ba, ba na gidan ba ne."

Ya ɗauki tsohon kofin hagu da sabon, ya haɗa tiredinsu baki da baki ya ɗaga wa rana. Farkon layukan sun shiga juna, zuwa gaba sai suka fara hawa kan juna. Ashe tsofaffin Raleigh na Nottingham, musamman irin na zirga-zirgar yau da kullum, tiredinsu na kansu ne: layi 26 a kowane inci, alhali tsarin da sauran duniya take bi layi 24 ne. Faɗin kusan ɗaya ne, ido ba zai raba ba. Bambancin layi biyu kacal, amma da na sa sifana na tura shi da ƙarfi, da na cinye tiredin da muka yi kwana tara muna karewa, a cikin minti ɗaya, da kayan da na saya da kuɗina. Kamfanin kuma ya daina haɗa keke a Nottingham tun 2002, irin wannan kofin ba abin da za ka shiga kowane shago ka tambaya ba ne.

Baba ya tashi ya zagaya bayan bishiya, inda ya tara matattun firam da nake ɗauka shara ce. Ya jawo wani da ya karye a wuya, shi ma da zalɓensa a goshi. Ya ce shekara da shekaru 'yan jari-bola suna nemansa. Kofinsa na dama ya fito ba tare da dogon faɗa ba, don a cewar Baba mai shi mutum ne mai son giris. Cikinsa sumul. Ya shiga gidan keken Malam da yatsu biyu har ƙarshe, sannan aka ɗaure shi, wannan karon ta wajen tayar baya.

Sauran aikin bai kai awa ɗaya ba. Giris a kofi, 'ya'yan boris goma sha ɗaya a jere, sanda, kofin hagu, a matse har rawa ta ɓace amma sanda tana juyawa sakayau, a kulle zobe. Sababbin kota. Baba ya juya fedar da yatsa ɗaya ta yi ta zagayawa ba ƙara. Ya ce in daina barin keken a ruwa, in kuma kawo shi duk bayan damina a buɗe a sake giris. Sababbin kofunan da na saya na bar masa, ya ce za su yi wa wani.

Na tura keken har tsakar gidan Inna. Ta sa na kwantar da shi, ta sunkuya da ƙyar ta duba ƙasan. Akwai inda fenti ya ƙone a gefen gidan boris, bai fi girman kwabo ba. Ta shafa wurin da yatsa, ta daɗe tana shafawa, ba ta ce komai a kansa ba. Sannan ta miƙe ta danna ƙararrawa. Ta yi wani ƙyas, kamar an taka busasshen ganye.

"Wannan ba muryarta ba ce. Da tun daga bakin layi nake sanin Malam ya dawo."

Yau sati uku ke nan ina zuwa makaranta a kansa, minti talatin da biyar in ban tsaya gaisuwa ba. Ƙararrawar tana wajen Baba, a cikin gwangwanin kananzir. Ya ce in dawo ranar Asabar.